Gaiga, sintilomita ko bindigar XRF: wanne mai neman monazait zai saya?

Tunda kasuwar monazait, wato ma'adanin nan mai nauyi da ake wankowa daga yashi, ta buɗe a wajajen Jos da Bauchi da Nasarawa kusan duk sati sai wani ya turo min hoton wata na'ura da ya gani a intanet yana tambaya wai wannan tana gano ma'adani, in saya? Wani ma ya riga ya saya, so yake kawai ince masa yayi daidai hankalinsa ya kwanta. Toh na gaji da maimaita magana ɗaya a waya, bari in zauna in baje ta gaba ɗaya, wanda zai saya ya saya da ido buɗe.

Abu na farko da nake so ya zauna a kan kowa, babu ɗaya daga cikin na'urorin nan da take ganin monazait. Ko ɗaya. Ƙarafan nan 17 da duniya ke rububi a kai, waɗanda dominsu ake sayen monazait, su niyodimiyam da ake yin maganaɗisun injin motar lantarki da sifikar waya da shi, da siriyam da lantanam da sauransu, su kansu kusan basa fitar da wani radiyeshan da za'a ji. Abinda na'urar auna radiyeshan ke ji ɗan rakiyarsu ne, wato toriyam, wanda Allah ya haɗa shi da su a cikin ƙwayar monazait. A ƙasa gaba ɗaya abubuwa uku ne ke fitar da hasken gamma ɗin da muke aunawa, wanda ido baya gani, fotasiyam da yuraniyam da toriyam, kuma babu ƙasar da babu su, har tsakar gidanku. A matsakaicin dutse fotasiyam na kai kashi 2 cikin 100 ko sama kaɗan, yuraniyam kamar giram 2 zuwa 3 a tan ɗaya, toriyam kuma giram 8 zuwa 12 a tan. Kaga kenan na'ura zata yi ƙara a ko ina, tambayar ita ce waye a cikin ukun nan yake sa ta ƙara, kuma da wane yawa.

Abu na biyu shine zurfi, kuma anan ne ƴan kasuwa suka fi yiwa mutane ƙarya. Gamman da kake aunawa a saman ƙasa kusan dukkansa daga santimita 30 zuwa 45 na sama yake fitowa, kamu ɗaya dai. Abinda ke ƙasa da haka ƙasar da ke kansa ta shanye shi. Ko a Nijar da ake maganar yuraniyam, wanda Faransawa suka fara cin karo da shi a Azelik a 1957 suna neman tagulla, ma'adanin Akouta kusa da Arlit da aka rufe a 2021 zurfinsa kusan mita 250 ne, kuma ba da yawo da na'ura a hannu aka auna shi ba, rijiyoyi aka haƙa aka zura na'ura a ciki. Dan haka duk wanda yace maka na'urarsa na hango ma'adani a zurfin mita 50, musamman masu eriya biyu ɗin nan da ke juyawa a hannu kamar ƙahon sa, wai har zinare suke nunawa daga nesa, ka gaishe shi ka wuce.

Toh mu fara da mai araha, Gaiga. Bututu ne ɗan ƙarami mai iskar gas a ciki, tun 1928 wasu Jamusawa biyu Geiger da Müller suka gyara shi ya zama yadda yake, duk sanda wani abu ya ratsa shi sai yayi ƙas. Irin su GQ GMC ɗin nan da ake gani a intanet kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, wajen dala 100 ne ko sama ko ƙasa da haka. Kuma kar a raina masa, yana da tarihi. Mountain Pass a Kalifoniya, wanda shine babban ramin irin ƙarafan nan a Amurka, a 1949 wasu masu neman yuraniyam ne suka gano shi da Gaiga, suka ji ƙara suka ɗauka sun dace, aka kai dutsen gwaji ashe ba yuraniyam bane, toriyam ne ke ƙarar, dutsen kuma cike yake da ƙarafan da a lokacin ba'a ma san darajarsu sosai ba. Labarin yana da daɗi amma ka lura da abu biyu a cikinsa, dutsen a fili yake suna takawa da ƙafa, sannan Gaigan bai faɗa musu ko menene ba, ɗakin gwaji ne ya faɗa.

Ni yadda nake kwatanta shi, Gaiga kare ne mai haushi da daddare. Ya sanar da kai akwai wani abu a waje amma ɓarawo ne ko akuya ce ko maƙwabci ne ya fito fitsari, wannan kuma ba aikinsa bane. Kuma karen ma mai nauyin kunne, domin cikin gamma 100 da suka ratsa bututun kusan ɗaya yake kamawa. A ƙasa ta yau da kullum zakaji yana ƙas kamar sau 20 a minti ɗaya, wato sau ɗaya duk daƙiƙa uku, kai kuma a daƙiƙa uku ka taka mita uku ko huɗu. Ka gaya min yaya za'ai ka gane ka tsallake wata jijiya mai faɗin mita ɗaya? Sai dai ka riƙa tsayawa minti biyu uku a kowane waje, kuma ko ka tsaya lissafin ma yana rawa, idan ka ƙirga 100 kuskuren da ke ciki wajen 10 ne sama ko ƙasa, dan haka 100 da 112 ba lallai akwai wani bambanci a ƙasa ba, rawar lamba ce kawai.

Wani kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya koya min wannan darasin da kuɗinsa. Ya sayi Gaiga bai faɗa min ba, yaje gonarsa da ke gindin wani tsauni ya riƙa zagayawa, da ya matsa jikin dutsen sai lamba ta ninka. Ya ɗauko yara huɗu suka fara haƙa. Abinda ya ƙara ruɗa shi, duk sanda ramin ya ƙara zurfi ya shiga da na'urar sai lamba ta ƙara hawa, yace toh ai gashi muna kusantarsa. Sati uku yana ciyar da leburori yana biyansu kafin ya kira ni da murna, wai ɗana kazo ka gani da idonka Allah ya kawo mu. Naje da aron sifektiromita, na'urar da ke rarrabe waye a cikin ukun nan yake ƙara, na ɗora a bakin ramin na ɗora a ciki na ɗora a jikin dutsen can gefe inda ba'a taɓa ba. Nace kawu kayi haƙuri, dutsen ne gaba ɗaya haka, jan dutse ne mai fotasiyam da yawa, toriyam ɗinsa kuma bai wuce na sauran duwatsun yankin ba. Yace toh hawan da take yi a cikin ramin fa? Nace kawu a sama ƙasa ta gefe ɗaya take haska na'urar, daga ƙarƙashi, a cikin rami kuwa ta ƙasa da gabas da yamma da kudu da arewa duk haskowa take, ko a rijiyar gidanka ka shiga haka zata yi. Shiru yayi ya daɗe yana kallon ramin, sannan yace yaran su tattara diga da shebur. Har muka iso gida bai ƙara cewa komai ba sai da muka sauka yace kar in faɗawa umma.

Sintilomita ita ce mataki na gaba kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Maimakon bututun gas, wani dunƙulen gishiri ne garai-garai kamar ƙanƙara, sodiyam ayodaid, wanda tun 1948 aka gano cewa idan gamma ta shige shi yana yin ɗan walƙiya, sai wata fitila mai ido ta ƙirga walƙiyar. Saboda dunƙulen yana da nauyi yana kama mafi yawan abinda ya shigo. Mai girman inci biyu a ƙasar da Gaiga ke yin 20 a minti ita zata baka ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya. Ma'ana kana tafiyarka ta yau da kullum a cikin rafi tana kuka a kunnenka, kana taka wajen da baƙin yashi ya taru sai kukan ya tashi sama nan take, ka wuce ya sauka, ka dawo ya tashi. Wannan shine aikin daji na gaskiya, a yini ɗaya zaka bi kilomitoci. Amma fa ita ma kare ce, mai kunne dai sosai, jimla take baka bata rarrabewa, da kawu ita ya saya da ramin nan sai ya fi haka zurfi dan ƙarar zata fi burge shi.

Akwai ƴan ƙananan da suka fito shekarun nan, irin su Radiacode, girman ashana babba, dunƙulen cikinsu kamar santimita ɗaya ne, suna haɗuwa da waya su zana maka taswirar inda ka bi da kala-kala ta GPS. Kuɗinsu ƴan ɗaruruwan daloli. Gaskiya ina son su, sun fi Gaiga ji nesa ba kusa ba, kuma idan ka ajiye ɗaya a kan buhu ka barshi ya daɗe zai zana maka layin da mai ido zai gane toriyam ne ko yuraniyam. Inda suka gaza shine basa ce maka giram kaza ne a tan, kuma dunƙulen yayi ƙanƙanta da kama gamma mai ƙarfi ta toriyam da sauri, sai kayi haƙuri. Manhajojin waya kuwa da ake cewa ka liƙe kyamara da baƙin salatif ta zama mita, wannan wasan yara ne a wannan aikin, kar ma mu ɓata lokaci.

Sai sifektiromita, wadda ita ce maigadi mai tocila, ba haushi kawai ba, zai haska yace akuya ce. Yadda take yi shine kowanne cikin ukun nan akwai ƙarfin gammar da aka san shi da ita, fotasiyam a 1.46, yuraniyam a 1.76, toriyam a 2.62 a ma'aunin ƙarfin gamma da ake kira MeV, sai na'urar ta ware kowacce walƙiya gwargwadon ƙarfinta ta zuba ta a kwandonta. Ka ɗora ta a kan dutse minti biyu zuwa biyar ta rubuto maka fotasiyam kashi kaza, yuraniyam kaza, toriyam kaza. Waɗanda aka fi gani a hannun ma'aikata su ne RS-125 da RS-230 na wani kamfanin Kanada, ta biyun dunƙulenta wani iri ne da ake kira BGO, ya fi nauyi ya fi kamawa. Kuɗinsu kuma ba na wasa bane, dubban daloli ne masu yawa kafin ma kayi maganar kwastam.

Ga dalilin da yasa take da amfani ga mai neman monazait. Toriyam ɗin cikin monazait yana bambanta daga wuri zuwa wuri, amma mu ɗauka kashi 6 cikin 100 ne dan lissafi. Idan yashin rafi yana da monazait kashi 1 kacal, toriyam ɗinsa ya zama giram 600 a tan, alhali ƙasa ta yau da kullum 10 take da shi. Ninki 60 kenan. Ko kashi ɗaya cikin 1000 ne zaka ga giram 60 a tan, har yanzu ya fito fili. Kuma idan kaga toriyam ya tashi shi kaɗai fotasiyam na kwance, toh ba jan dutsen kawu bane, akwai wani abu mai nauyi da ruwa ya tara.

Amma fa akwai tarkuna, kuma nafi son in daɗe anan saboda masu sifektiromita ma suna faɗawa. Na ɗaya ba monazait kaɗai ke ɗauke da toriyam ba. A tsofaffin juji na kuza a Filato akwai zakon, ma'adanin zakoniyam, akwai kuma torait wanda shi mafi yawansa toriyam ne, ƙwaya kaɗan ta isa ta haukata na'ura amma babu ƙarafan da dila ke biya dominsu a ciki. Na biyu marmara. Jar ƙasar nan mai tauri da ke saman tudu, ruwan shekaru ya wanke fotasiyam ɗinta ya bar toriyam, sai ka ganta ta ɗan ɗaga sama da kewaye, ba komai bane. Na uku lambar yuraniyam ita ce mafi rashin amana a cikin ukun, domin ba shi kansa ake aunawa ba, shi a hankali yake rikiɗewa ya haifi wani abu, wancan ma ya haifi wani, toh jikansa ne can ƙasa a zuriya ake aunawa, kuma a tsakaninsu akwai iskar radon da ke iya sulalewa ta bar wajen, sannan shi yuraniyam ruwa na narkar da shi ya tafi ya bar jikokin a baya, ko ya iso sabon waje jikokin basu taru ba tukuna. Shi yasa zakaga an sa ƙaramin e a gaban U a sikirin ɗin, wato kwatankwaci ne ba tabbas ba. Toriyam bai cika wannan yawon ba, shi yasa muka fi yarda da lambarsa.

Na huɗu damina. Ruwan sama yana sauko da ƴaƴan radon daga iska ya shimfiɗa su a ƙasa, ka auna bayan an ɗauke ruwa kaga yuraniyam ya tashi ko ina har kan kwalta, sai an yi kamar awa uku ya koma daidai. Ƙasa mai laima kuma tana danne gamma, wajen da ka auna a Maris ka dawo a Agusta sai kaga ya ragu. Ni dai aikin nan na rani ne a wajena, daga Nuwamba zuwa Afrilu, kuma kullum da safe ina da dutse guda a bakin masauki da nake fara aunawa in rubuta, da yamma in sake, idan lambar dutsen ta canza toh na san na'urar ce ko yanayi ba ƙasa ba. Gona da aka zuba wa takin zamani mai fotash, ko inda aka tara toka, su ma suna ɗan ɗaga fotasiyam.

Kafin ma kayi maganar sayen komai akwai abinda mutane da yawa basu san yana nan ba. Gwamnatin tarayya ta riga ta auna kusan duk ƙasar nan daga sama. Tsakanin 2003 da 2010 jiragen kamfanin Fugro sun bi Najeriya layi-layi, tazarar mita 500 tsakanin layi da layi, suna tashi kamar mita 80 daga ƙasa, ɗauke da sifektiromita mai dunƙule na lita da yawa, kuma bayanan suna hannun hukumar binciken ƙasa ta NGSA, ana saya shafi-shafi, kowane shafi kamar kilomita 55 ne ta kowane gefe. A taswirar da aka haɗa ukun, ja fotasiyam ne, kore toriyam, shuɗi yuraniyam, inda duk suka yi yawa sai yayi fari. Ka buɗe shafin Jos ko na Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa ta Kano zakaga zobban duwatsun nan da suka taso tun daga Ayar a Nijar har zuwa Afu a Nasarawa sun fito fes kamar an zana da alli, su ne uwayen kuza da kwalambait ɗin da ya sa Najeriya ta zama ta ɗaya a duniya a kwalambait a shekarun 1950. A kwarin Kaffo na Riruwai ma an daɗe da sanin akwai dutse mai fairokulo, ma'adanin niyobiyam mai ɗauke da yuraniyam. Toh amma jirgi daga mita 80 matsakaicin fili mai faɗin ɗaruruwan mita yake ji a kowane karatu, jijiya mai faɗin mita biyu ko ɗan lungun rafi da ya faɗo tsakanin layi biyu ba zai fito ba sam. Taswirar zata ce maka wannan gundumar ta fi waccan, ta nuna maka rafukan da suka gangaro daga dutsen da ya dace, ba zata ce haƙa nan ba. Duk da haka a ganina babu kuɗin da zaka kashe a harkar nan da ya kai wannan riba, sai dai kana buƙatar wanda ya iya karanta ta, kuma ɗaliban jiyoloji da suka gama suna zaune ba aiki sun yi yawa a Zariya da Jos da Bauchi.

Bindigar XRF kuma, wadda diloli ke ɗorawa a kan samfur a sito, ita dabam take, ba radiyeshan ɗin ƙasa take saurare ba, ita ke harba nata hasken ta karanta abinda ya dawo. Anan ne zakaga sunayen ƙarafan da kansu, kuza da niyobiyam da tantalam da zakoniyam da toriyam, kuma idan bututunta mai ƙarfin kilobolt 50 ne tana nuna lantanam da siriyam da niyodimiyam. Ita ce ke raba maka monazait da torait cikin minti ɗaya, abinda sifektiromita ba zata iya ba. Rauninta shine ɗan tabo take gani, faɗin ƙwayar wake, zurfin kuma bai kai kaurin farce biyu uku ba, ba'a yawon daji da ita ana neman waje. Kuma saboda ƙanƙantar tabon ne ake cutar mutane da ita ta kowane ɓangare, mai sayarwa ya yaɗa mai kyau a saman buhu, ko mai saye ya harba a inda yaga farin yashi ya yi yawa ya karya farashi. Idan za'a harba maka, a ɗebo daga sama da tsakiya da gindin buhu a gauraya a daka a harba sau uku ko biyar kana tsaye. Sannan bata ganin litiyam kwata-kwata, yayi mata sauƙi da yawa, kuma litiyam baya fitar da gamma, zinare ma baya fitarwa, dan haka masu tururuwa zuwa Nasarawa da Kaduna neman farin dutse mai litiyam babu ɗaya cikin na'urorin da na lissafa da zai nuna musu shi kai tsaye. Kuɗinta dubun-dubatar daloli ne sabuwa, kuma tunda tana fitar da hasken X dole a yi mata rajista da hukumar kula da harkar nukiliya ta NNRA.

Ƙarshen magana dai kullum ɗakin gwaji ne, shi ke yanke farashi idan kaya sun yi yawa. Akwai ɗakunan gwajin NGSA a Kaduna, akwai cibiyar CERT ta jami'ar Ahmadu Bello a Zariya wadda ke da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004, masu fitar da kaya waje kuma sukan tura samfur a yi musu gwajin da ake kira ICP, wanda sai an narkar da samfurin ake aunawa. Abu ɗaya da zan ja kunne, monazait da zakon suna da taurin kai basa narkewa duka a asid, idan ka tura ka tambaya ko za'a narka samfurin da wuta ne tukuna, in ba haka ba sakamakon zai fito ƙasa da gaskiya ka zubar da waje mai kyau.

Toh wanne za'a saya? Ya danganta da ko kai waye, amma ba zan ɓoye ra'ayina ba. Idan kai mai yawon rafi ne kana wanke yashi da kwano, ƴar ƙaramar sintilomita mai haɗuwa da waya ta ishe ka, ka haɗa da kwanonka da maganaɗisu da gilashin ƙara girma, inda ta yi kuka ka wanke ka duba, monazait ƙwayoyi ne masu ruwan zuma ko ruwan ƙasa-ƙasa masu nauyi da ke kwanciya tare da baƙin yashi. Gaiga kam kar ka saya dan neman waje, araha bata ado. Idan kana da lasisin bincike daga ofishin Kadasta kuma filin yana da girma, sayi taswirar NGSA tukuna, sannan ka ɗauki hayar sifektiromita tare da mai ita na sati ɗaya ko biyu ku bi layi-layi kuna rubuta GPS, bana ganin hikimar saye sai in aikin zai ɗauki shekaru ko kana da filaye da yawa, domin na'ura ce da zata yi wata goma a akwati. Idan kuma kai dila ne kana zaune kaya na zuwa maka, ba ruwanka da sifektiromita, XRF ce taka, in bata samu ba ka biya a harba maka, ba'a cinikin biri a sama.

Wanda zai sayi ta hannu, musamman sintilomita ko sifektiromita, ya sani dunƙulen sodiyam ayodaid baya shiri da laima, idan murfinsa ya ɗan buɗe sai ya koma rawaya ya daina gani sosai, kuma yana tsagewa idan ya faɗi ko aka fito da shi daga ɗaki mai AC aka jefa a but ɗin mota a ranar Afrilu. Kafin ka biya ka gwada ta da abinda ka san amsarsa. Buhun takin fotash ya kamata ya ɗaga fotasiyam kaɗai. Karan walda na TIG mai jan kai akwai toriyam kashi 2 a cikinsa, ka tara guda goma ka ɗora ta a kai, toriyam ya kamata ya motsa ba yuraniyam ba. Ka auna waje ɗaya sau biyar kaga ko lambobin suna kusa da juna. Mai kaya da ya ƙi yarda a yi wannan gwajin ya riga ya baka amsa.

Akwai dai waje ɗaya da Gaiga ya fi kowa dacewa, kuma shine sito. A ƙasa ta yau da kullum zakaga 0.1 zuwa 0.2 na maikrosibat a awa, wato ma'aunin yawan radiyeshan da jiki ke ɗauka, ka ɗora shi a jikin buhun monazait da aka tace kaga ya haura ninkin ba ninki, anan ba sai an rarrabe waye ke ƙara ba, yawan kawai ake so a sani. Ƙa'idar duniya ita ce mutumin gari kar ya ɗauki fiye da milisibat 1, wato maikrosibat 1000, a shekara bayan na halitta, ma'aikaci kuma 20, kuma mai kwana kusa da tarin buhuna zai iya wuce na farkon cikin ƴan kwanaki. Ƙurar ma ta fi zama kusa da buhun haɗari idan ana daka ko ana shiƙa ba takunkumi, mun ga abinda daka dutse a cikin gida ya yi wa yara a Zamfara a 2010, wancan dalma ce amma hanyar shiga jikin ɗaya ce. A Filato an daɗe ana kwasar yashin jujin kuza ana yin bulo da filasta da shi, wanda yake zaune a irin gidan nan shi ma Gaiga zai masa amfani. Jigilar kayan da fitar da su waje kuma suna ƙarƙashin NNRA, a nemi takarda kafin a loda.

Gaigan kawu yanzu yana rataye a ƙusa a sitonsa, dan daga baya ya koma sayen kaya a hannun masu loto, wato masu haƙar ramin hannu, maimakon haƙa. Ranar da muka fara zagayawa da shi a ciki muka tarar tabarmar yaron shagon tana shimfiɗe a jikin buhunan, anan yake kwana watanni. Kawu yasa aka mayar da buhunan ɗakin baya mai taga biyu, ya ja layi da fenti a ƙasa daidai inda lamba ta sauko, yaron kuma ya koma kwana a zaure.